Mai Zane da Mai Jifa a Los Anjeles: Carlos Almaraz da Fernando Valenzuela

Tsakanin tafkin Echo Park da filin wasan ƙungiyar Dodgers a birnin Los Anjeles babu wata tazara mai yawa, mutum mai ƙarfin ƙafa zai iya takawa. A farkon shekarun 1980 mutum biyu 'yan asalin Meksiko suna aiki a wannan yanki, kowa da sana'arsa. Carlos Almaraz yana zaune a wani gida mai kallon tafkin, yana zana shi da fenti safe da yamma. Fernando Valenzuela kuwa yana can kan tudu, a tsakiyar fili mai ɗaukar mutum 56,000, yana jifan ƙwallon bezbol. Shekara 19 ce tsakaninsu, kuma hanyoyin da suka kawo su birnin ba su yi kama ba ko kaɗan, amma dukansu an aza musu kaya iri ɗaya, wato su tsaya a madadin al'ummarsu ko sun shirya ko ba su shirya ba. Yadda kowannensu ya yi da wannan kaya shi ne ya ja hankalina.

Sai an san tarihin ƙasar da aka gina filin a kanta kafin a fahimci sauran labarin. Wurin sunansa Chavez Ravine, kuma kafin 1950 unguwanni uku ne, Palo Verde da La Loma da Bishop, inda iyalai kimanin 300, akasarinsu 'yan asalin Meksiko, suke da gidaje da lambuna da makaranta da coci. A 1950 hukumar birni ta aika musu takarda cewa za a karɓi filayensu domin gina gidajen gwamnati masu sauƙin haya, aka kuma yi musu alƙawarin cewa su za a fara bai wa idan an gama. Da yawa suka sayar a wulaƙance suka tashi. A 1953 aka zaɓi sabon magajin gari, Norris Poulson, wanda yake ganin gidajen gwamnati aƙidar gurguzu ce, aka soke aikin baki ɗaya. Filin ya zauna kusan kango har Walter O'Malley, mai ƙungiyar Dodgers, ya ɗauko ta daga Brooklyn ta birnin Niyok a 1958, aka yi yarjejeniya aka miƙa masa. Ranar 8 ga Mayun 1959 jami'an tsaro suka fitar da iyalin Arechiga da ƙarfi, suka ɗauko wata mata mai suna Aurora Vargas cak, ta hannu da ƙafa, suka sauko da ita daga matakalar gidansu a gaban 'yan talabijin, sannan katafila ta rushe gidan iyalin suna kallo. Aka buɗe filin a watan Afrilun 1962. Shekaru da yawa bayan haka akwai gidajen da sunan Dodgers ba ya shiga bakinsu da alheri, akwai kuma dattawan da suka rantse ba za su taka wurin ba har su koma ga Mahaliccinsu.

An haifi Almaraz a birnin Meksiko a 1941. Iyayensa suka ƙaura da shi Shikago yana ƙarami, daga baya suka gangaro gabashin Los Anjeles, inda ya gama makarantar sakandare ta Garfield a 1959, shekarar da aka yi waccan rusau. A shekarun 1960 ya tafi Niyok neman suna, kamar yadda kowane matashin mai zane na zamanin yake mafarki, sai ya tarar kasuwar can tana yayin zane mai sanyi, mai ƙarancin launi, wanda ba ya nuna mutum ko bishiya. Wannan bai dace da jininsa ba. Ya dawo Kalifoniya a 1970 bai yi sunan da ya je nema ba, a shekara mai zuwa kuma ya kwanta rashin lafiya mai tsanani har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. Da ya tashi, sai ya tarar unguwarsu tana tafasa. 'Yan asalin Meksiko haifaffun Amurka, masu kiran kansu Cikano, sun fito neman haƙƙi. Ɗalibai sun fice daga azuzuwa a 1968, ciki har da na tsohuwar makarantarsa, sannan a watan Agustan 1970 an kashe ɗan jarida Rubén Salazar a ranar wata gagarumar zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam.

Almaraz ya shiga wannan gwagwarmaya da ƙafa biyu. Ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gona ta Cesar Chavez, ya zana ƙaton kyallen da aka rataye a babban taronsu na Fresno a 1973, ya kuma zana bango yana kiran mutane su ƙaurace wa giyar kamfanin Gallo saboda rikicinsa da masu tsinkar inabi. A wannan shekarar ne shi da Frank Romero da Gilbert Luján da Beto de la Rocha suka kafa ƙungiyar masu zane da ake kira Los Four, daga baya Judithe Hernández ta zama ta biyar ɗinsu. A 1974 babban gidan adana kayan fasaha na gundumar Los Anjeles, LACMA, ya baje kolin aikinsu, abin da bai taɓa yi wa masu zanen Cikano ba. Aƙidar tafiyar a lokacin ita ce zane na jama'a ne, wurinsa bangon unguwa inda talaka zai gani kyauta, kuma mai zanen da yake sa hannu a ƙasan aiki domin ya sayar wa attajiri ya kama hanyar cin amana. Almaraz da kansa ya yi wa'azin wannan aƙida, ya kuma karanta littattafan gurguzu.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 sai ya janye. Ya koma ɗaki shi kaɗai, ya kama fentin mai da alli mai launi, ya fara zana abin da idonsa da mafarkinsa suke nuna masa. Wasu abokan tafiya sun ga kamar ya sayar da su. Ni a ganina a nan ne aikinsa ya fara zama nasa, domin zanen da aka yi don taro yana tsufa tare da taron, kuma kyallen Fresno, duk girmansa, saƙon Chavez ne ya ɗauka ba na Almaraz ba. Wanda ya ga zanensa na tafkin Echo Park na 1982 zai gane abin da nake nufi. Allo huɗu ne a jere, tafki ɗaya, amma hasken kowane allo daban, kamar an kama yini guda an yanka shi gida huɗu. Fentin yana da kauri har ana ganin sawun buroshi, dogayen itatuwa masu kama da giginya suna tsaye a gaɓa, inuwarsu ta faɗa cikin ruwa ta karye, ga ƙananan kwale-kwale, ruwan kuma ba shuɗi kaɗai ba ne, akwai ja da ruwan ɗorawa da shunayya a ciki. A lokacin ana ɗaukar unguwar a matsayin matattarar talakawa da 'yan daba, shi kuwa ya zana ta da irin darajar da masu zanen Faransa suka bai wa lambunansu. Wannan ma magana ce a kan mutanensa, sai dai ba da harshen kwalin zanga-zanga aka yi ta ba.

Sauran zanen da aka fi saninsa da su na haɗarin mota ne. Los Anjeles birni ne na manyan tituna masu hawa kan juna, kuma da yawa daga cikinsu ta tsakiyar unguwannin 'yan Meksiko aka ratsa da su, musamman Boyle Heights, inda aka rushe dubban gidaje. Almaraz ya riƙa zana motoci suna karo a kan gada, wuta tana tashi, wata motar tana faɗowa daga sama, alhali sararin samaniya yana da kyau irin na faɗuwar rana. Mai kallo yakan rasa ko ya ji tsoro ko ya yaba. Ɗaya daga cikinsu, na 1984, mai koren launi mai duhu, yana cikin taskar LACMA. A 1981 ya auri Elsa Flores, ita ma mai zane ce, kasuwa ta buɗe masa, har aka sa shi cikin waɗanda suka zana fastocin gasar Olamfik ta 1984 da aka yi a birnin.

A daidai wannan lokacin ne ɗan ƙauyen Etchohuaquila ya iso. An haifi Valenzuela ranar 1 ga Nuwamban 1960 a jihar Sonora, auta ne cikin 'ya'ya 12 na wasu manoma masu jinin ƙabilar Mayo. Tun yana ɗan shekara 16 zuwa 17 ya fara wasa don kuɗi a ƙananan ƙungiyoyin Meksiko, yana kwana a motocin safa daga gari zuwa gari. Mike Brito, wani ɗan Kuba da Dodgers ta ɗauka yana yi mata farautar 'yan wasa, ya je kallon wani yaro daban, sai idonsa ya faɗa kan wannan bahagon. A 1979 ƙungiyar ta sayi kwantiraginsa a kan dala 120,000. Ana ba da labarin cewa O'Malley ya daɗe yana burin samun gwanin jifa ɗan Meksiko da zai jawo masa mutanen gabashin birni, sai ga shi ya rasu a watan Agustan shekarar, bai ga abin da ya biyo baya ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, wanda yake riƙe da sanda. Aikinsa shi ne ya jefa ƙwallon ta yadda mai bugun zai kuskure, ko ya buga ta a banza. Wasa zagaye tara ne, kuma a ƙa'ida idan mai jifa ya gaji akan sauya shi. Valenzuela ba shi da jifa mai tsananin gudu, saboda haka ƙungiyar ta tura wani ɗan wasanta, Bobby Castillo, haifaffen gabashin Los Anjeles, ya koya masa wani jifan murɗe da kusan kowa ya daina yi. Ana sakin ƙwallon ne tare da juya hannu ta bauɗaɗɗen gefe, har tafin hannu ya kalli waje, sai ƙwallon ta taho kamar za ta zo wa mai bugu, a ƙarshe ta kauce masa ta nutse. Jifa ne mai cin gwiwar hannu da kafaɗa, shi ya sa aka guje shi. Yaron ya iya shi cikin ɗan lokaci. Yadda yake jifan ma abin kallo ne: ga shi kakkaura, ba shi da ƙirar 'yan wasa, sai ya ɗaga hannuwansa sama da kai, ya ɗaga ƙafar dama har gwiwa ta kusa ƙirji, a daidai nan kuma ya juya idanunsa sama kamar mai addu'a, bai ma kallon inda zai jefa, sannan ya saki ƙwallon.

Ranar 9 ga Afrilun 1981, ranar buɗe kakar wasa, wanda aka shirya zai fara jifa, Jerry Reuss, ya ji ciwo a ƙafa, sai koci Tommy Lasorda ya miƙa wa ɗan shekara 20 ƙwallo. Ya yi zagaye tara cur, ƙungiyar Houston ba ta ci ko ɗaya ba, aka tashi 2 da 0. Wasanninsa takwas na farko duka ya ci, a biyar daga ciki abokan hamayya ba su sami maki ko ɗaya ba, kuma a zagaye 72 maki 4 kacal aka ci shi. Birnin ya ruɗe. Filin ya riƙa cika maƙil duk ranar da zai yi jifa, mutane suna zuwa da tutar Meksiko da makaɗan gargajiya, masu wankin kwanuka a gidajen abinci da masu aikin lambu suna manne da rediyo suna sauraron Jaime Jarrín, ɗan ƙasar Ekwado mai sharhin wasa da Sifaniyanci, wanda kuma ya zama tafintan yaron domin ba ya jin Turanci. A watan Yuni Shugaba Reagan ya gayyace shi Fadar White House liyafar da aka shirya wa shugaban Meksiko López Portillo. Yajin aikin 'yan wasa ya cinye kusan wata biyu na kakar, duk da haka ya gama da nasara 13, ya fitar da masu bugu 180 (wato ya sa kowannensu ya kuskure sau uku), ya haɗa kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa da ta gwarzon sabon ɗan wasa a shekara ɗaya, abin da har yau babu wanda ya sake yi.

Wasan da na fi ganin girmansa a ciki ba ya cikin waɗancan takwas. A gasar ƙarshe ta shekarar, ƙungiyar Yankees ta Niyok ta ci wasa biyu na farko, aka ba shi na uku ranar 23 ga Oktoba. Ranar hannunsa bai zauna ba, aka yi ta bugunsa, aka ci shi maki huɗu tun a zagaye uku na farko. Lasorda ya fito ya yi masa magana da Sifaniyanci, ya bar shi a fili. Ya jefa ƙwallo sama da 140, ya ƙi faɗuwa, aka tashi 5 da 4, daga nan Dodgers ba ta sake faɗuwa ba har ta ɗauki kofin.

Abin lura shi ne Valenzuela bai taɓa yin jawabi a kan Chavez Ravine ko haƙƙin baƙin haure ba. Mutum ne mai kunya da ƙarancin magana, ko da Sifaniyancin ma. Amma abin da masu zanen bango suka shekara goma suna ƙoƙarin yi, wato su sa birnin ya dubi 'yan Meksiko a matsayin masu gari, ya auku a kansa cikin wata biyu. Mutanen sun ga wanda ya yi kama da ƙanensu ko ɗan maƙwabcinsu yana kunyata manyan 'yan wasan Amurka, kuma ba ya neman afuwar kowa saboda rashin Turanci. Sai dai ban yarda da masu cewa ya warkar da ciwon 1959 ba. Waɗanda aka kora ba su sami gidajensu ba, ƙungiyar ce ta sami sababbin masu sayen tikiti, kuma ribar da ta ci daga wannan sulhu ta fi ta kowa. Da ya nemi ƙarin albashi a 1982 ya ƙi zuwa sansanin atisaye, har a jaridu an yi masa gorin ya tuna inda ya fito. A 1983 mai shiga tsakani ya yanke masa dala miliyan ɗaya, shi ne na farko da ya sami wannan adadi ta wannan hanya.

Daga nan aka yi masa aikin bijimin huɗa, dama kuma laƙabinsa El Toro, wato bijimi. Daga 1982 zuwa 1987 babu shekarar da bai yi zagaye sama da 250 ba. A 1986 ya ci wasa 21, ya kammala wasa 20 shi kaɗai ba a sauya shi ba, adadin da a yau ƙungiya guda ba ta haɗawa a kaka ɗaya. Ya fara wasa 255 a jere bai tsallake nasa ba, har kafaɗar ta gaza a 1988, shekarar da Dodgers ta sake cin kofi yana zaune a benci. Masu kare Lasorda sukan ce haka zamanin yake, kuma shi kansa yaron ba ya son a cire shi. Gaskiya ne, amma ɗan shekara ashirin da 'yan kai da jama'a ta cika fili dominsa ba shi ne zai ce ya gaji ba, aikin manya ne su faɗa masa.

Almaraz bai ga ƙarshen wannan ba. An gano yana ɗauke da cutar ƙanjamau a lokacin da babu maganin da ke riƙe ta, ya ci gaba da zane da rubutu a littattafan ajiyarsa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ranar 11 ga Disamban 1989 yana da shekara 48. Wani babban zanen bango da ya tsara wa ginin gwamnatin jiha a tsakiyar birni, matarsa ce ta ƙarasa shi bayan rasuwarsa. Sai a 2017 LACMA ta shirya babban baje koli na zane-zanensa, aka tattaro alluna huɗu na tafkin daga hannun masu su daban-daban aka jera su wuri ɗaya. Jinkirin yana da dalili: masana fasaha na Amurka sun daɗe suna ajiye shi a akwatin masu zanen ƙabila, alhali ya bar wannan akwati da ƙafarsa tun yana raye.

Wata shida bayan rasuwar Almaraz, ranar 29 ga Yunin 1990, Valenzuela ya yi wasan da babu mai bugun St. Louis ko ɗaya da ya sami bugu mai amfani a kansa, da hannun da kowa ya ce ya mutu. A watan Maris na 1991 Dodgers ta sallame shi ana dab da fara kaka, kafin ranar da zai zama dole ta biya shi cikakken albashin shekara. Ya yi yawo: Angels, Jalisco a Meksiko, Baltimore, Philadelphia, San Diego, inda ya ci wasa 13 a 1996 ya kuma fara jifa a Monterrey a wasan farko na babbar gasar bezbol ta Amurka da aka taɓa yi a ƙasarsa. Ya ajiye babbar gasar a 1997 da nasara 173 da faɗuwa 153. Ya yi shekaru yana nesa da tsohuwar ƙungiyarsa, bai yi ƙorafi a jarida ba, bai kuma je bukukuwansu ba, sai a 2003 ya dawo ya zauna kusa da Jarrín yana sharhi a rediyo. A 2015 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka.

Lambarsa 34 ba a sake bai wa kowa ba tun tafiyarsa, amma ƙungiyar ta ƙi jingine ta a hukumance, tana kafa hujja da al'adarta ta cewa sai wanda ya shiga zauren gwarzaye na Cooperstown, inda masu zaɓe suka watsar da sunansa tun a 2004. Sai a watan Agustan 2023 ta sauko daga wannan matsayi, kuma da ta ƙara jinkiri kaɗan da ya zama ihu bayan hari, domin ya rasu ranar 22 ga Oktoban 2024 yana da shekara 63, kwana uku kafin Dodgers da Yankees su sake haɗuwa a gasar ƙarshe, karo na farko tun 1981. 'Yan wasan suka sa lambar a rigunansu, suka ci kofin a wasa biyar. A farkon Nuwamba wani mai zane ɗan Boyle Heights, Robert Vargas, ya ƙaddamar da zanen Valenzuela a bangon wani dogon bene na unguwar, aikin da ya fara tun mutumin yana raye, mutane kuma suka riƙa tara furanni da kyandir a gindin bangon tun fenti bai bushe ba.